Monorel na Disney World: jirgin da ake hawa kyauta, amma shi ya fi tsaya mini a rai

Duk wanda Allah ya kai shi Orlando a jihar Fulorida ta Amurka, kuma ya yi niyyar kai yara Disney World, shawarata kada ya ɗauki monorel, wato jirgin ƙasa mai tafiya a kan layi guda, a matsayin abin da zai kai shi bakin ƙofa kawai. Ni da iyalina mun yi ta hawansa a ziyarar da muka kai, kuma har yau shi ne abin da na fi ba mutane labari, fiye da wasannin da ake shafe awa guda ana bin layinsu. Ba a biyan ko sisi, ba a kuma tambayar tikitin shiga filin wasan. Jami'an tsaro ne kawai za su duba ka kafin ka hau tasha.

Ƙirarsa ce ta fara kama ni. Babu layin dogo biyu na ƙarfe irin wanda muka sani. Doguwar katanga ce guda ɗaya ta kankare, faɗinta inci 26 kacal, an ɗora ta a kan ginshiƙai can sama. Jirgin yana zaune a kanta kamar mahayi a kan doki, ƙafa ɗaya nan, ɗaya can. Tayoyinsa na roba ne: wasu a sama suna ɗauke da nauyi, wasu a gefe sun rungume katangar don kada ya karkace. Wutar lantarki yake ja daga wasu sanduna da aka manna a jikin katangar. Shi ya sa babu hayaƙi, babu kwaramniyar ƙarfe a kan ƙarfe. Mutum zai yi hira da na kusa da shi ba tare da ɗaga murya ba.

Wannan rashin ƙara shi ya ba su damar yin abin da ya fi ba ni mamaki. Jirgin yana ratsa tsakiyar otal ɗin Contemporary, cikin ginin kansa. Kana tafe a sarari, sai kawai ka ga rufi a samanka, ga kantuna a ƙasa, ga mutane zaune suna cin abinci, ga ɗakunan kwana hawa-hawa a dama da hagu. Ƙaramar 'yata ta manne da gilashi tana ɗaga wa masu cin abinci hannu, wasu kuwa suka mayar mata. Jirgi mai injin gas ba zai taɓa shiga wuri irin wannan ba.

Asalin fasahar daga Jamus ne. Wani attajiri ɗan Suwidin, Axel Wenner-Gren, ya zuba kuɗi a kamfanin Alweg, wanda ya gina layin gwaji kusa da birnin Kolon. Walt Disney ya ɗauko tsarin, ma'aikacinsa Bob Gurr ya zana siffar jirgin, aka buɗe na farko a Disneyland ta Kalifoniya ranar 14 ga Yuni, 1959, da Richard Nixon a wurin yana mataimakin shugaban ƙasa. Da farko zagaye kawai yake yi don nishaɗi. Sai a 1961 aka miƙa shi zuwa otal ɗin Disneyland, ya zama sufuri na gaske. Na Fulorida ya fara aiki tare da Magic Kingdom, filin wasan farko na Disney World, a 1971, aka ƙara layin Epcot, filin wasa na biyu, a 1982. Jiragen da ke aiki yanzu kamfanin Bombardier ne ya ƙera su, sun fara shigowa a 1989, kowanne da tarago shida da zanen launinsa a jiki. Yara nan da nan suka fara gasar wanda zai riga faɗin launin da ke tahowa.

Abin da na fahimta bayan na hau shi ne, da gangan aka nisanta wurin ajiye motoci daga Magic Kingdom. Akwai tafki a tsakani, don haka mai zuwa da motarsa sai ya ajiye ta, ya hau monorel ko jirgin fito. Kafin ya isa ya manta da cunkoson titi, ya hango fadar nan mai dogayen hasumiyoyi daga nesa tana matsowa. Tafiyar kanta an tsara ta ne ta zama farkon wasan, kuma a ganina dabarar ta ci.

Layi uku ne. Ɗaya kai tsaye yake zuwa Magic Kingdom, ɗaya yana tsayawa a otal-otal, na uku ya nufi Epcot. Na ukun nan na fi so. Ya fi tsawo, yana ratsa daji da fadama, kuma kafin ya tsaya sai ya shiga cikin filin Epcot ya kewaye ƙatuwar ƙwallon nan mai launin azurfa, ka ga komai daga sama ko da ba ka da tikitin shiga.

Tsarin yana da iyakarsa. Sauya layi ba ƙaramin aiki ba ne, domin sai an motsa ɓangaren katangar gaba ɗaya, kuma wannan na cikin dalilan da suka sa monorel ya fi dacewa da hanyar zagaye. A wajen irin wannan sauyin ne jirage biyu suka yi karo a watan Yulin 2009, direba ɗaya ya rasu, kuma tun daga lokacin aka daina barin fasinja ya zauna gaba tare da direba. Kujerun ma ba su da yawa, an fi barin fili don masu tsayuwa da kekunan yara. Mai keken guragu kuwa ma'aikata suna shimfiɗa masa abin hawa a bakin ƙofa, na ga sun yi hakan cikin ladabi.

Mai tafiya da tsofaffi ko ƙananan yara ya guji lokacin da aka tashi daga wasan wuta da dare, don a sa'ar nan kowa tasha yake nufa. Tsakar rana, lokacin da zafin Fulorida ya yi tsanani, taragon da sanyi kuma da wurin zama. A nemi gefen taga, a hau layin Epcot, a je a dawo.