Busasshiyar safar nutso a ruwan sanyi: zoben ƙarfe ko na roba, shuɗiya ko baƙa?

Salamu alaikum ɗan uwa, na ga tambayarka tun daren jiya, aiki ne ya riƙe ni. Ka ce ka gama kwas ɗin draisut, wato rigar nutso da ruwa ba ya shiga cikinta, ka shiga Stoney Cove, tsohon ramin fasa dutse da ruwa ya cika a Ingila, cikin Fabrairu da safar hannu ta niyofirin, robar nan mai kamar soso da ruwa ke shiga cikinta, mai kauri milimita 5, kafin minti 20 yatsunka sun sandare har ka kasa buɗe ƙugiyar fitilarka, yanzu kana son komawa busasshiyar safa kafin tafiyarku Scapa Flow, mashigin teku a tsibiran Orkney na arewacin Scotland, amma kanka ya ɗaure, zoben ƙarfe ko na roba, shuɗiyar safa ko baƙa.

Wannan sandarewar kar ka ɗauke ta wasa don Allah. Ruwa yana zuƙe zafin jiki fiye da iska ninki ashirin da wani abu, kuma jiki da ya ji sanyi yatsu yake fara rage wa jini don ya tsare ƙirji da ciki. Hannun da ya kasa buɗe ƙugiya shi ne dai hannun da zai danna maɓallin iska, shi zai murɗa bawul ɗin tukunyar iska, shi zai miƙa wa abokin nutsonka regileta, abin da ake sawa a baki a shaƙi iska, in iskarsa ta yanke. Niyofirin kuma ƙananan kumfar iska ne a cikinsa, kana yin ƙasa suna matsewa, wadda ka saya milimita 5 a shago a mita 30 ba 5 ba ce kuma. Akwai safar niyofirin mai yatsu uku mai kauri milimita 7, tana da ɗumi gaskiya kuma ba ta da rigima, amma aiki da ita kamar ka ɗauki allura da dungu ne. In ruwan da kake shiga yana ƙasa da digiri 10 to ka koma busasshiya kawai, kar ka tsaya dogon lissafi.

To maganar zobe, wato abin da ke haɗa busasshiyar safa da hannun riga. Zoben Kubi na alminiyam ne, da'ira sosai, ana tura shi ne kawai ya shige, siririyar robar oring ita ke tare ruwa, ba makulli ba haƙori ba wani abin da zai ɓalle. Girmansa daga milimita 70 ne zuwa 80, 90, har 100, saboda haka sai ka auna faɗin hannunka tare da safar ciki, ba hannu tsirara ba. Abin da nake so da shi, canza safa aikin minti kaɗan ne a bayan mota, ka cire oring ka ɗora sabuwar safa ka mayar. Tsada ce dai yake da ita, sannan ƙarfe ne, ranar da ake zuba sanyi in ka taɓa shi da hannu a bakin ruwa za ka ji a jikinka.

Na roba mai tauri kuma kala-kala ne. Antares na kamfanin Si Tech na Suwidin ba da'ira ba ne, siffar ƙwai gare shi kamar yadda wuyan hannun mutum yake, shi ya sa bai cika yin ƙato ba, yana shiga madaurin kafaɗa da sauƙi, ana danna shi ne sai ka ji ƙas. Rolock murɗawa ake yi ya kulle kamar murfin kwalba, mai son ya ji a hannunsa cewa abu ya kullu zai ji daɗinsa. Duk abin da ke da makulli dai sai an riƙa wanke shi da ruwan famfo bayan an fito daga gishiri ko yashi, kuma roba ba ta son a take ta ko a danne ta da silinda a cikin jirgi. Akwai kuma tsarin DUI na Amurka da safar ke haɗe da hannun rigar kai tsaye, ba ƙaton zobe, sai dai da safar za ka saka rigar, da ita za ka ja zif, da ita za ka ɗaura komai, kuma wannan sai mai irin rigarsu.

Ni kam Kubi na fi karkata, amma wallahi duk wanda ka ɗauka cikin ukun farko zai yi maka aiki. Ka je shago ka saka ɗaya a hannun dama, sannan ka gwada saka na hagu kai kaɗai da hannun da ya riga ya shiga safa, ka kuma cire. Wanda ka iya yin haka da shi ba tare da kiran wani ba, shi ne naka. Ka fara duba sil ɗin wuyan hannun rigarka ma, wato robar da ke matse wuyan hannu ta hana ruwa shiga, in leteks ne ko silikon yawanci abin da sauƙi, in niyofirin ne sai an kai wa mai gyaran riga.

Inda mutane ke kashe kuɗi a zobe su dawo suna cewa har yanzu hannunsu na sanyi, a safar ne da abin da ke cikinta. Ita busasshiyar safar ba ta da ɗumin komai, leda ce kawai mai tare ruwa, iskar da ke maƙale cikin safar ciki ita ce ɗumin. Shuɗiyar nan da kake gani a hannun kowa, Showa 660, asalinta safar ma'aikata ce ta robar PVC daga kamfanin Japan, irin ta masu aikin kifi da mai, fam kaɗan ne kuɗinta. Tana da tauri, tana jure kaifi, amma ba ta miƙewa, kuma in sanyi ya tsananta sai ta ƙara ƙagewa. Baƙar leteks irin Marigold G17K tana bin yatsa tana miƙewa, za ka ji ƙugiya za ka ji maɓallin kyamara kamar ba ka sa komai ba, sai dai ƙaramin kaifi ya huda ta, rana da mai suna cinye ta, kuma akwai masu jikin da ba ya shiri da leteks sam. Showa 720 ta robar naitiril tana tsakiya, ta fi 660 laushi, ni ita nake sawa a ramin dutse irin Stoney. Amma tunda Scapa za ku je, jiragen yaƙin Jamus da aka nutsar ranar 21 ga Yuni 1919 sun haura shekara 100 a gishiri, ƙarfe ne mai tsatsa ko'ina, ga igiyar sauka da ƙananan ƙwanso suka manne mata suna yanka kamar reza, to shuɗiyar PVC za ka ɗauka, ka sa guda biyu na ajiya a jaka.

Safar ciki ulu ko filis, yadin roba mai laushi kamar ulu, auduga kar ka kusance ta, da ta sha gumi ta zama sanyi. Kuma ka sayi ta waje da ɗan girma, lamba ɗaya sama da hannunka. In ta matse ka jini ba zai zagaya ba, sai ka fi mai jiƙaƙƙiyar safar niyofirin jin sanyi bayan ka kashe kuɗinka.

Sai maganar matsi, wadda masu shago da yawa ba sa tsayawa su bayyana. A mita 10 iskar cikin safarka ta koma rabi, a mita 30 ta koma kashi ɗaya cikin huɗu, safar ta lafe a fata, ulun ya kwanta, ɗumi ya tafi. Dabarar ita ce ka bar wa iska hanya daga riga zuwa safa, ka zura siririn bututu ko guntun igiyar roba ko madaukin babban yatsa na rigar ciki a ƙarƙashin sil, in kana sauka sai ka ɗaga hannu sama kaɗan iska ta hau. Amma hanyar da iska ta bi ita ruwa zai bi ranar da safa ta fashe. Wasu ma cire sil ɗin suke gaba ɗaya don ɗumi, ni ba zan ba sabon shiga wannan shawarar ba, ka bar sil ɗinka, ka sa igiyar da za ka iya zarewa.

Ya taɓa faruwa da ni a ruwa mai digiri 6. Zare ɗaya ne tak na safar ulu ya leƙo ya hau kan oring lokacin da nake kulle zoben hagu, ban gani ba. Muna kai mita 12 na ji sanyi yana tafiya daga ɗan yatsa zuwa tafin hannu kamar ana ɗiga min ruwan ƙanƙara, kafin in yi wa abokina alama ruwan ya bi igiyar da ke ƙarƙashin sil ya kai gwiwar hannu. Muka katse nutson muka hau a hankali, a mota sai da na tura hannun cikin hammata na kusan rabin awa kafin in iya riƙe sitiyari, ga wani zugi da yake yi lokacin da jini ke dawowa. Tun ranar kafin in kulle sai na zagaya bakin zoben da yatsa in tura duk ulun ciki, in shafa wa oring ɗan giris na silikon kaɗan. Basilin kar ka sa, yana lalata leteks.

Sabuwar safa in ka ɗora ta, hura mata iska ka toshe bakin ka tsoma a bokiti ka ga ko kumfa za ta fito. Sannan kar ranar farkonta ta zama a Scapa, ka koma Stoney ka tsaya a wurin da zurfinsa mita 6 ne ka yi ta buɗe ƙugiya kana rufewa, ka harba balan-balan ɗin alama da ake aikawa saman ruwa don a san inda kake, ka taɓa bawul ɗinka, sau biyu ko uku har hannun ya saba. Ka auno min faɗin tafin hannunka da safar ulu a jiki, ka kuma faɗa min irin sil ɗin da ke rigarka, sai in gaya maka ko 80 ne zai yi maka ko 90.