Kiɗan Biki a Sakkwato: Mawaƙin Gida Ko Wanda Ya Yi Suna?

Idan an sa ranar biki, maganar kiɗa ba ta daɗewa ba ta taso ba, kuma matasan gida su dai a ɗauko wanda ake ji a finafinan Kano. Kafin a tura kafin alƙalami, a zauna a auna.

Shahararren mawaƙi, sunansa ake saye. Zai cika wuri, ƙawayen amarya su sami abin sawa a TikTok. Amma kuɗin ba na waƙa kaɗai ba ne: ga mota ko jirgi daga Kano ko Kaduna, ga masauki, ga abincin yaransa, ga rabon manaja. Sau da yawa kuma waƙar da aka ɗauka a sutudiyo ake sakewa ya bi da baki, ya yi uku ko huɗu, a kwashe liƙi, a kama hanya. Waƙar amaryar ma takan zama kiɗan fiyanon da aka yi wa wasu, an cire suna an sa suna.

Wanda aljihunsa bai yi nauyi ba, DJ kawai ya ishe shi, ba abin kunya ba ne.

Ni dai shawarata ita ce a nemi mawaƙin gida, ko mai kalangu da 'yan amshinsa, ko mata masu kiɗan ƙwarya don wunin mata, ko matasan nan masu ƙananan sutudiyo a cikin gari. Shi zai zo gida tun kafin ranar, ya tambayi sunan kakanni, sana'ar gida, garin da aka fito. Ranar biki ka ga mai kalangu ya matse tsirkiya a hammata, ganga ta kama kirarin gidan, sai ka ga gwaggon da ta ce ita ba ta rawa ta miƙe tana kwance bakin zane. Wannan ƙasar ce ta haifi Narambaɗa da Ɗanƙwairo da Ɗan Anace, kuma ba kamfani ne ya tashe su ba, masu gida da jama'ar da ke ba su kyauta ne suka riƙe su.

Yau ma hakan take. Waƙar yaro ɗan gari tana yawo daga waya zuwa waya, masu tura waƙa a kasuwa su karɓi nasu, shi ko sisi. YouTube ba ya fara raba kuɗin talla da mai dogon bidiyo sai ya tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin shekara. Biki ne gonarsa, kuma abin da ka ba shi a Sakkwato za a kashe shi.

Sai dai ba kowane ɗan gida ne gwani ba. Je ka ji shi a bikin wani da kunnenka, kada ka dogara da abin da ya turo a WhatsApp. Tambayi wa zai kawo lasifika da janareta, domin nan ne ƙananan mawaƙa suka fi samun matsala. A yi magana a fili kan awa nawa zai yi, da tsayawa lokacin sallah, da yawan maroƙan da za su biyo shi. A gaya masa ba a son habaici ga dangin kowa. In waƙar sutudiyo ce, a saurare ta mako guda kafin biki don a gyara sunaye, sannan a cika masa sauran kuɗinsa.