Daga Jamus: dalilin da ya sa har yanzu ban sayi mota ba

Assalamu alaikum Yaya. Ina fatan kowa yana lafiya, a gaishe min da Hajiya. Tambayar nan da kake yawan yi min ce zan amsa yau: wai ina Jamus, ƙasar Marsandi, amma kullum sai a ji ina tasha ina jiran jirgi.

Akwai tikitin wata da ake kira Deutschlandticket. Ya fito a watan Mayun 2023 a kan Yuro 49, farkon 2025 aka mai da shi 58, a 2026 kuma 63. Mutane sun yi ta ƙorafin ƙarin, ni dai na biya ban ce uffan ba, domin da shi kaɗai nake shiga bas, da jirgin ƙarƙashin ƙasa, da jiragen ƙasa masu tsayawa gari-gari, a duk jihohi 16 na ƙasar. Jiragen doguwar tafiya, irin mai gudun nan da ake kira ICE, su ne ba sa karɓarsa. A ICE, daga Berlin zuwa Munich kusan awa huɗu ne, amma da tikitin wata sai ka yi ta sauka kana canza jirgi, ka yini a hanya. Ga wani tarko kuma: tikitin da kansa yake sabuntawa, in ba ka soke shi kafin 10 ga wata ba, sai dai ka ga an zare kuɗin wata mai zuwa daga asusunka.

Abin da ya fi ɗaure min kai da farko shi ne tashoshin ba su da shinge, kai tsaye za ka wuce ka shiga. Ashe masu duba tikiti wani lokaci cikin kayan gida suke shigowa, sai an rufe ƙofa su fito da shaida. Wanda aka kama, tarar Yuro 60, ba roƙo ba magiya.

Kar kuma ka yarda da masu cewa jirgin Bature ba ya latti. Yana yi, sosai ma. Na taɓa tsayuwa cikin hunturu har yatsuna suka daskare. Sai dai in ka sayi tikitin doguwar tafiya aka makarar da kai awa ɗaya, doka ta ce a mayar maka da rubu'in kuɗinka, awa biyu kuma rabi.

Mota fa? Sayenta ne mai sauƙi. Lasisin da mutum ya zo da shi wata shida yake aiki, bayan nan yawancinmu sai mun sake zana jarrabawar rubutu da ta tuƙi. Ga inshora, ga gwajin lafiyar mota duk shekara biyu, ga tayoyin hunturu daban, sannan neman wurin ajiye ta a cikin gari kaɗai ya isa ya sa maka ciwon kai. Daɗinta ɗaya, babbar hanyar Autobahn kyauta ce ga ƙananan motoci, kuma wurare da yawa ba a ƙayyade gudu ba, shawara kawai ake bayarwa a tsaya a kilomita 130 a awa. Da ka tsallaka Siwizalan kuwa sai ka sayi takardar hanya ta Faran 40, wato kuɗin ƙasar.

Inda nake jin rashin mota shi ne ƙauye ranar Lahadi, don a can bas ɗin ƙalilan ne. In irin wannan tafiya ta taso sai in bi wani abokina, mu raba kuɗin mai.