Ƙatuwar wufa ko ƙananan sifiku na okaziyo, wanne ke sa ƙafa motsi?

Salamu alaikum jama'a. Ƙanena da ya yi tambaya jiya da dare, ka yi haƙuri sai yanzu na samu zama. Ga waɗanda ba su gani ba, cewa ya yi ya shiga kasuwar Dole ta Damagaram ya saurari kaya biyu da kuɗinsu ya yi kusan ɗaya, wata ƙatuwar wufa sabuwa dal mai fitilu, irin mai rami a gaba, an rubuta mata 5000W a kwali, sai kuma wasu ƙananan sifiku biyu na okaziyo masu rufaffen akwati da tsohon ampili ɗinsu. Wufar ta fi ƙara nesa ba kusa ba, amma wai ƙananan ne suka sa shi kaɗa ƙafa bai ma sani ba, shine yake tambaya ko kunnensa ne ke da matsala, kuma wanne zai ɗauka.

Kunnenka lafiyarsa lau ƙanena. Abin nan da ka ji, mayun sauti na Turai sun daɗe suna musu a kansa, har suna suka ba shi, PRaT, wato haruffan farko na kalmomi uku na turanci masu nufin gudun kiɗa, karinsa, da faɗawar kowane bugu a kan lokacinsa. A Birtaniya maganar ta yi ƙarfi tun shekarun 1970, wajen mutanen kamfanin Linn na Glasgow, wanda Ivor Tiefenbrun ya kafa, masu na'urar juya faifai LP12, da kuma Naim na Julian Vereker a garin Salisbury. Su cewa suke bar ƙirga wat, sa waƙa kawai ka gani ko kana iya bin ta kana gyaɗa kai. Mu nan ba mu rasa kalmar ba ai, cewa muke kiɗa ya tsuma mutum. Wanda ya taɓa tsayawa ƙofar fadar Sarkin Damagaram ranar salla ana buga ganga da algaita ya san bambancin kiɗan da ke cika kunne kawai da wanda ke shiga jiki.

Amma fa a gane, babu ɗaya cikin kayan nan biyu da ke ƙara wa waƙa sauri ko ya rage mata. Waƙar minti 4 daga salula ko memori, a minti 4 za ta ƙare a duka biyun, agogon da ke cikin na'urar ne ke riƙe da wannan kuma ba ya wasa. Zamanin kaset ne abin yake faruwa da gaske, batir ya yi sanyi ka ji mawaƙi yana jan murya kamar mai jin barci. Shi ya sa injiniyoyi da dama ke cewa PRaT ba wani abu ba ne da ake aunawa kamar kilo ko mita, kuma ni ma in mutum ya ce min wayar sifika mai tsada ce ke sa kiɗa rausaya, sai in ce masa Allah ya ba da kasuwa. Abin da kunne ke kamawa a ganina shine yadda bugu ke farawa, da musamman yadda yake tsayawa.

Ɗauki kalangu. Makaɗi ya buga, ya matse igiya a hammata, muryar ta hau ko ta sauka, sai ɗan shiru, sai wani bugun. A wannan ɗan shirun maganar kalangu take. In sifika ta ci gaba da ruri bayan makaɗi ya ɗauke hannu, bugu na biyu zai faɗo kan wutsiyar na farko, sai ka ji kiɗan ya yi nauyi, kamar mai tafiya cikin rairayi, alhali saurinsa bai canza ba ko kaɗan.

To ita wufa mai rami, ramin nan ba ado ba ne. Iskar cikin akwatin da ta cikin ramin suna amsa amo a wani mataki guda da aka auna, kamar yadda kake hura bakin kwalba ta yi kuka. Ribarsa, bas mai yawa da wuta kaɗan. Hasararsa, abin da ke amsa amo sai ya ɗauki lokaci kafin ya tashi, kuma sai ya ɗauki lokaci kafin ya lafa. Ba wai duk mai rami ba ta da kyau ba ne, a'a, yawancin sifikun da ake aiki da su a situdiyo ma masu rami ne kuma tsaf suke, sai dai waɗancan an auna su da hankali. Na arha kuwa da gangan ake kumbura musu wuri ɗaya don su burge mai saye cikin hayaniyar kasuwa, shi ya sa kowace waƙa ka sa bas ɗin murya ɗaya yake yi, dum dum dum, ba ka bambance ganga da jita. Batun 5000W kuwa juya bayanta ka karanta wutar da take ja, in ka ga 60W ko 80W to ka san lambar kwalin ta PMPO ce, lambar talla.

Su ƙananan masu rufaffen akwati, iskar da ke kulle a ciki ita ke riƙe fatar sifikar ta maido ta wurinta, dabarar da Edgar Villchur ya fito da ita a Amurka a 1954. Bas ɗinsu bai kai na wufa yawa ba amma a hankali yake raguwa yayin da amo ke ƙara kauri, kuma yana tsayawa inda aka ce ya tsaya. Laifinsu, suna son ampili mai ƙarfi kafin su yi ƙara, kuma in ka fito da su fada da dare ana shayi a fili, mutum 10 na hira babura na wucewa, wallahi ɓacewa za su yi. A nan kam wufa ta ci su da yaƙi ba gardama.

Sai ɗaki, wanda mutane ke mantawa da shi alhali wani lokaci ya fi sifikar kanta tasiri. Sauti na gudun kusan mita 343 a daƙiƙa, da zafinmu na watan Afrilu ma ya ɗan fi haka. Ɗakin da ke da mita 4 tsakanin bango da bango yana kumbura amon da ke wajen 43 Hz, wato bas mai girgiza sau 43 a daƙiƙa, da kansa, ko wace sifika ka sa. Ni na gani da idona. Ina zaune a ɗakin ƙasa a Birni, da tabarmi da katifa da labule, kayana suna kiɗa lafiya, da na koma gidan siminti mai tayil da rufin kwano sai na ji kamar an musanya min su, na cusa sifikun a lungu don samun wuri, kofin shayi na ajiye a kai yana ta kaɗawa har ya kusa zamewa, kwanon sama na amsawa, har na fara zargin ampili ya lalace na kai wa mai gyara ya karɓi kuɗina a banza. Ƙarshenta janyo su na yi kamar rabin mita daga bango na shimfiɗa darduma, kalangu ya dawo yana magana.

In za ka koma kasuwar, tafi da memori ɗinka mai waƙar da ka haddace, mai kalangu ko gurmi ba irin wadda aka cika da bas na kwamfuta ba. Ka sa mai shago ya daidaita ƙarar biyun, don kunne mayaudari ne, wadda ta ɗan fi ƙara ita yake cewa ta fi daɗi. Sannan ka roƙe shi ka cusa safa a ramin wufar, eh safa ta ƙafa, ka sake saurare. In bas ya ragu amma bugun ya fito fes, ka gano inda nauyin yake. Bluetooth kuma kar ya dame ka a wannan maganar, jinkirinsa duka waƙar yake ja baya gaba ɗaya, a fim ne kawai za ka ga baki ya riga murya.

Ni dai in don ɗakinka ne kai da iyali, ƙananan zan ɗauka ban ko waiwaya ba. In kuma don fada ne ko suna da biki a tsakar gida, ɗauki wufar ka huta. Sai dai kafin ka biya kuɗin na okaziyon ka cire ragar gaba ka duba soson da ya zagaye fatar, zafi da shekaru na cinye shi, in ka taɓa yana marmashewa sai an canza, a rage maka kuɗin. Ka kuma duba bayan ampilin, in 220 ko 230V aka rubuta ya dace da wutarmu, in 110 ko 120V ne na Amurka kar ka yarda a jona shi kai tsaye ko da gwaji ne.