Na biya kuɗin kwas ɗin koyon aikin koci na ƙwallon Amurka: abin da na samu bayan kaka guda

Ni ɗan tamola ne tun tasowa. A filin ƙasa na koyi ƙwallo a Kano, kuma har na shekara takwas a Kolombus ta jihar Ohayo ban taɓa zama na kalli ƙwallon Amurkawa daga farko zuwa ƙarshe ba. A idona ƙarti ne kawai suke karo da juna, a busa usur, su tashi su sake. Ɗana ne ya jawo ni ciki da ya shiga ƙaramar ƙungiyar makarantarsu ta sakandare. Wata yamma na je ɗaukarsa, ƙwallo ta gangaro inda nake tsaye, na dasa ta na doke ta da gefen ƙafa yadda muka saba, ta wuce kan shinge. Babban kocinsu ya taho ya ce ba su da mai koya wa yara bugu, ko zan riƙa zuwa sau uku a mako? Na amsa tun kafin in yi tunani. Sai da na yi takardar izinin da jiha ke nema, da binciken yatsu, da horon taimakon gaggawa da na gane alamun buguwar kai, sannan aka miƙo mini usur.

A mako na farko na gane ban san komai ba. Kociyoyi suna magana a gabana kamar masu zaurance. Shi ya sa na sayi rajistar shekara guda a wani dandalin intanet da ke tara darussan kociyoyi na bidiyo. Ba zan faɗi sunansa ba, irinsa suna da yawa kuma kusan zubinsu ɗaya: mutum a tsaye gaban farin allo da alƙalami, yana zana da'ira da gicciye, daga nan a nuna hoton wasa na gaske da aka ɗauka daga sama yadda za ka ga 'yan wasa 22 duka. An raba darussan gida uku kamar yadda wasan ya rabu: hari, tsaro, da rukunin bugu.

Ga wanda bai san wasan ba, taƙaitawarsa ke nan. Kowane ɓangare mutum 11 ne a fili, tsawon filin yadi 100 ban da yadi 10 na gidan ci a kowane ƙarshe. Masu hari suna da dama huɗu su ci yadi 10. In sun ci, a sabunta musu. In sun kasa, ƙwallo ta koma hannun abokan gaba. Shiga gidan ci da ƙwallo maki 6 ne, bugawa tsakanin sanduna maki 3. Saboda ana sauya 'yan wasa ba iyaka, ƙungiya ɗaya tamkar ƙungiyoyi uku ce, kowacce da kocinta.

Sashen hari shi ne zuciyar dandalin, kuma nan suka zuba dukiyarsu. A nan na fara jin labarin Bill Walsh na San Francisco 49ers, wanda ya mayar da gajeren jifa madadin gudu da ƙwallo, ya ɗaure takun kwatabak, wato mai jefa ƙwallo, da takun mai karɓa har jifan ya zama lissafin lokaci, ya ci Super Bowl, wato wasan ƙarshe na cin kofin ƙwararru, sau uku da kwatabak ɗinsa Joe Montana. Na ga tsarin Air Raid na Hal Mumme da Mike Leach, waɗanda suka fara shi a wata ƙaramar kwaleji a Iowa a 1989: 'yan dabaru kaɗan, maimaitawa ba adadi. Amma darasin da ya buɗe mini kai shi ne na tarewar yanki, wadda Alex Gibbs ya shahara da ita a Denver Broncos, inda Terrell Davis ya ci yadi 2,008 da gudu a 1998. Manyan 'yan gaba biyar ba sa bin mutum, duka suna takawa gefe guda tare, biyu su haɗu a kan ƙato ɗaya, sannan ɗayansu ya zame ya tari na baya. Mai gudu da ƙwallo yana da izinin yanka ɗaya tak. Ya ga tsaga, ya dasa ƙafa, ya shige. Malamin ya ce kafin a saki ƙwallo, wato ɗan gaba na tsakiya ya miƙo ta baya a fara wasa, ka ƙirga masu tsaron da suka taru kusa da layi. In sun fi masu tare ka yawa, jefa. In ba su kai ba, gudu. Tun daga ranar na daina ganin ƙarti suna karo, na koma ganin ƙidaya.

Bayan isha nake zama, in jingina waya da fulas ɗin shayi, in jera murafun kwalba a kan darduma, jajaye masu hari, farare masu tsaro. Ina tsayar da bidiyo in matsar da murfi, in sake kunnawa in ga ko na canka. Maiɗakina ta leƙo wani dare ta ce, "Malam, dara ka koma da tsufanka?" Ba ta yi nisa da gaskiya ba.

Sashen tsaro bai kai na hari yawa ba, amma ya fi shi tsari, kuma ni ya fi kwanta mini a rai, wataƙila don mai tsaron baya nake bugawa a da. Sun fara da tsagogi: tazarar da ke tsakanin 'yan gaba tana da suna, A a gefen mai sakin ƙwallo, sai B, sai C, kuma kowace tsaga da mai ita. Wanda ya bar tasa don ya je ya yi bajinta a ta wani, ta nan za a wuce. Daga nan suka shiga bambancin 4-3 da 3-4, wato mutum nawa ne a durƙushe a layi, nawa ne a tsaye bayansu. Sai rufin baya: Koba 2 mutum biyu ne suke raba zurfin fili, Koba 3 mutum uku, Koba 1 kowa ya riƙe nasa da mai gadi ɗaya a can baya. Duk wanda ya san bambancin bin mutum da tsare yanki a tamola zai kama wannan cikin sauƙi. Sun nuna Tampa 2 na Tony Dungy da Monte Kiffin, inda ɗan tsakiya ke juyawa ya ruga baya ya toshe ramin da ke tsakanin masu gadi biyu, da kuma tsaron 46 na Buddy Ryan, wanda Chicago Bears suka murƙushe kowa da shi a kakar 1985. Na ɗauka 46 lissafin jeri ne irin 4-3, ashe lambar rigar wani ɗan wasansu ce, Doug Plank. Malamin da ya fi burge ni a dandalin gaba ɗaya wani dattijon kocin sakandare ne mai maganar sanyi, da ya ce yaro ɗan shekara 15 in yana tunani ƙafarsa tsayawa take yi, don haka ka ba shi abu ɗaya da zai kalla. Na ji maganar, na gyaɗa kai, na kuma ƙi aiki da ita, kamar yadda za ku ji.

To, sai rukunin bugu, abin da na biya kuɗi dominsa. Nan ne gwiwata ta yi sanyi. In darussan hari sun cika rumbu, na bugu ba su cika kwando ba, kuma galibinsu kamar cike gurbi aka yi. Wannan raini tsoho ne a wasan. Sai a 1969 ƙungiyoyin NFL, babbar gasar ƙwararru ta Amurka, suka fara ɗaukar koci na musamman don wannan sashe, lokacin da George Allen ya ɗauki Dick Vermeil a Los Angeles Rams. Amma John Harbaugh shekara tara ya yi yana riƙe da 'yan bugu a Philadelphia Eagles kafin Baltimore Ravens su ba shi babban koci a 2008, ya kuma ci musu Super Bowl. Ina ganin dandalin da ke karɓar kuɗin kociyoyin sakandare ya kamata ya san cewa sabon shiga irina wannan sashen ake fara jefa shi.

Babban aibin da na gani shi ne ba a rubuta a kan bidiyo ko da wace doka ake magana ba. Dokar NFL daban, ta jami'a daban, ta sakandare daban, kuma a bugu ne suka fi saɓawa. A sakandare daga layin yadi 40 ake bugun farawa, a NFL daga 35, su kuma sun sake fasalin nasu gaba ɗaya a 2024. Wani darasi ya nuna wasan jami'o'in Auburn da Alabama na 2013, inda Chris Davis na Auburn ya cafe bugun da bai kai sanduna ba a cikin gidan cinsa, ya ruga da ita yadi 109 ya ci a daƙiƙar ƙarshe. Na zo fili washegari da zumuɗi na ajiye yaro ƙarƙashin sanduna. Babban koci ya ja ni gefe a hankali ya ce a dokar sakandare ta Ohayo, da zarar bugu ya tsallake layin gidan ci ƙwallo ta mutu, ba a dawo da ita. Yara suna kallonmu. Na yi kamar takalmina nake gyarawa.

Ɗaya kuskuren kuwa nawa ne, kowa ya ɗebo da zafi bakinsa. In masu hari suka kasa a dama ta uku, yawanci sai su doka ƙwallo can nesa daga hannu, abin da ake kira fant. Na kalli darasin wani kocin jami'a kan tsarin garkuwa: 'yan gaba su buɗe da faɗi, ƙarti uku su tsaya a gaban mai bugu su zama katanga. Ya nuna iri uku, har da wanda mai bugun zai ruga dama ya doka yana tafe kamar ɗan rugbi. Na kwaso duka ukun na ɗora wa yara, kowanne da kalmar kiransa. A wasanmu na biyu, safiyar Asabar, ciyawa jiƙe da raɓa, na kira na dama. Biyu daga cikin 'yan garkuwa suka matsa dama, na ukun ya tsaya inda yake yana kallona. Wani siririn yaro ya ratsa ta tsakaninsu. Ƙarar da na ji biyu ce a jere, ta ƙafa a kan ƙwallo da ta ƙwallo a kan ƙirji, sai ga ta tana birgima zuwa gidanmu. A mota ɗana ya yi shiru har muka wuce fitilar hanya biyu, sannan ya ce, "Baba, ba wanda ya gane kiran nan, tsoron faɗa maka suke yi."

Taura biyu ba ta taunuwa, balle uku. Ranar Litinin na soke biyu, na sayi agogon ƙidayar daƙiƙa. A nan dole in yi wa dandalin adalci, don a wani gajeren bidiyo da na tsallake a baya na samo maganin. Daga sakin ƙwallo zuwa barinta ƙafar mai fant, manya suna neman kusan daƙiƙa 2; a bugun sanduna kuwa kusan 1.3. Da na auna namu, muna dosar 3. Mai sako ƙwallo ta tsakanin ƙafafu yana lilo da ita sama, mai bugu kuma taku huɗu yake yi maimakon biyu. Ko wane zane na yi a allo, da an tare mu. Muka matso da mai bugun kusa kaɗan don hannun yaron ya kai, muka riƙa yin saki 30 kowace rana kafin kowa ya fito. Ba a sake tare mana fant ba har kaka ta ƙare.

Sanina na tamola ya yi amfani a rabi. Bugun sanduna da gefen ƙafa daga tamola aka aro shi. Pete Gogolak, haifaffen Hungary, ya shigo da shi wasan ƙwararru a 1964 da Buffalo Bills, kafin nan da kan yatsu ake dokawa a miƙe. Taku uku baya, biyu gefe, ƙafar dogaro ta kalli sanduna, mai riƙewa ya juya ɗinkin ƙwallo gaba. Wannan na koyar da shi ba tare da taimakon kowa ba. Fant kuwa ya saɓa da bugun gola: ana sakin ƙwallo a kwance, ƙafa ta tashi a miƙe, ba a sharo ta daga gefe. Sai da na kwance abin da na saba na shekara talatin kafin in koya wa wani.

Sauran ƙananan abubuwa: hoto tsaf, ana iya rage saurin bidiyo, kuma zanen dabarun da ake saukewa a buga a takarda ya yi mini rana. Sai dai babu ƙamus ko na shafi ɗaya, alhali kowane koci da nasa sunayen. Abu guda sai ka ji an kira shi suna uku a darasi uku. Wasu malaman 'yan kudancin Amurka ne masu jan harshe da haɗiye kalma, rubutun ƙasan allo kuma na'ura ce ke yi, shirme yake kwasowa. Wurin bincike ma sai a hankali. Ku kuma lura rajistar sabunta kanta take yi in ba ka kashe ba.

Wanda yake so ya gane abin da ke faruwa a fili, uba ne ko mai kallo ko mataimakin koci a hari da tsaro, zai ci ribar kuɗinsa, don bai kai abin da na kashe wa ɗana a takalmi da safar hannu ba. Wanda aka danƙa wa 'yan bugu irina, ya fara samun littafin dokokin sakandare da agogo. Ni na kashe sabuntawar. Zan biya na wata ɗaya a Yuli, kafin a fara atisayen Agusta, saboda babban koci ya ce baɗi zan riƙa taimakawa da 'yan tsaron baya, kuma ina so in sake kallon dattijon nan daga darasin farko. Murafun kwalbar suna nan cikin gwangwanin madara a saman firji, sai dai jajayen sun koma tara, ƙaramar 'yata ta yi gaba da biyu.