Na'urar kwashe yanar saman ruwa: ta gyara mini tanki, ta haɗiye mini 'ya'yan kifi

Da a makon farko na rubuta wannan sharhi, tauraro biyar zan ba wannan na'ura ba tare da wani dogon tunani ba. Yanzu kuwa hannuna ya ƙi wuce uku, ukun ma sai da na yi ta kai-kawo. Ina magana ne a kan 'yar ƙaramar sikimar nan da ake mannawa a jikin gilashin tankin kifin ado daga ciki, mai kai da ke yawo a saman ruwa, wadda masu sayarwa ke cika baki cewa za ta raba mutum da yana har abada.

Tankina lita 80 ne, da tsirrai masu rai a ciki, da kifin gupi, da jajayen jatan landen nan ƙanana. Ruwan garau yake idan ka duba ta gaba, amma da ka sunkuya ka kalli samansa ta ƙasa sai ranka ya ɓaci: wata farar yana ce kwance, kamar an shimfiɗa leda, wani lokaci har da ƙyallin bakan gizo idan fitila ta haske ta. Ka sa yatsa ta tsage, ka cire ta koma ta haɗe. Kumfar da ta taso ba ta fashewa, sai ta maƙale a ƙarƙashinta tana yawo. Duk mai kiwon kifin ado ya san daga inda take fitowa: maiƙon abincin kifi, ganyen da ya ruɓe, kashin kifi, ƙura, har da man da ke hannun mutum idan ya tsoma shi. Waɗannan ke taruwa a sama, bakteriya su samu wurin zama su yi ta yaɗuwa a kai. Kuma ba muninta kaɗai ke damuna ba. Ta saman ruwa oksijin ke shiga, ta nan kuma kabon dayoksaid ke fita. Ruwa dama ba ya riƙe oksijin da yawa: a digiri 25 bai fi miligiram 8 da ɗoriya a lita ɗaya ba, idan zafi ya kai digiri 30 ya sauko wajen 7 da rabi. Da dare kuma tsirrai su ma shaƙar oksijin suke yi, ba sa bayarwa. To a ce ɗan abin da zai shiga ma an sa masa murfi. Da asuba nakan tarar da gupi sun taru a sama suna buɗe baki, wannan ne ya sa na daina ɗaukar abin da wasa.

Dabarun da kowa ke faɗa duk na bi. Shimfiɗa tishu a kan ruwa a ɗaga yana kwashewa, amma kafin gari ya waye ta dawo. Nutsa kofi har bakinsa ya ɗan shige ƙarƙashin ruwa don saman ya zubo ciki shi ma haka. Dutsen iska, wato wanda ke fitar da kumfar iska a cikin ruwa, yana fasa ta, gaskiya ne, sai dai yana tura ta gefe-gefe ne kawai, ga feshin da ke ɓata murfi da fitila, ga shi yana korar kabon dayoksaid ɗin da tsirraina ke bukata.

Ranar da na sa sikimar, wallahi na ji daɗi. Haɗa ta ba wuya: famfo a ƙasa, soso a tsakiya, sai bututu mai tsaga-tsaga da ke shawagi a sama. Famfon yana jan ruwa ƙasa, sai fatar saman ruwan ta riƙa gangarowa ta tsagogin nan, soso ya tare dattin, ruwa ya fita ta gefe. Ina jona ta na ga yanar ta fara tafiya wajenta daga kowace kusurwa, tana naɗewa tana shigewa. Kafin in gama goge gilashi saman ruwan ya zama fes, har ina ganin fitila a cikinsa tar. Hasken da ke kaiwa ga tsirran ƙasa ma ya ƙaru, kifi suka daina taruwa a sama da asuba. Ba ta da ƙara, ba ta cin wuta. Na yaba ta a gaban duk wanda ya shigo ya tsaya kallon tankin, har na sa wani abokina ya saya.

Sai wata gupi ta haihu.

Wanda bai taɓa kiwon gupi ba, su ba ƙwai suke sakawa ba, 'ya'ya suke haifa masu rai bayan kamar mako uku zuwa huɗu da ɗaukar ciki. Ɗan da aka haifa bai fi milimita 6 ba, kusan ido biyu ne kawai da ɗan wutsiya. Kuma da sun fito sama suke nufa, su ɓuya a cikin saiwar tsirrai masu yawo don kada manya su cinye su. Na daɗe ina jiran wannan haihuwa, don uwar mai jan wutsiya ce da nake son irinta. Da yamma na gan su, na tsaya ina kallonsu suna leƙowa daga cikin ganye, na niƙa musu abinci ya yi laushi na barbaɗa, na kashe fitila.

Da safe na duba ban ga ko rabinsu ba. Na fara zargin manyan, don an san halinsu. Sai na lura ruwan da ke fita daga sikimar ya ragu, na zare kanta don in duba soso. Abin da na gani har yanzu yana yi mini ciwo. 'Ya'yan kifin ne kwance a kan soson, ruwa na danne su. Wasu na motsi da ƙyar, wasu sun yi fari fat sun sandare. Ɗaya ya maƙale a tsaga, rabin jikinsa a ciki rabi a waje. Da na ɗaga soson kuma sai ga 'ya'yan jatan lande a ƙarƙashinsa, kusa da farfelar famfo, waɗanda ban ma san an ƙyanƙyashe su ba, don su ba su fi milimita 2 ba. Na juye masu ran a kofi da ruwan tankin, hannuna na rawa. Kaɗan suka farfaɗo. Sauran kafin rana ta yi sun tafi.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, na koma na karanta kwalin da takardar da ke ciki daga farko har ƙarshe, babu layi ɗaya da ya ce a yi hattara idan akwai ƙananan kifi ko jatan lande. Akwai gargaɗin kada a bar famfo ya yi aiki babu ruwa, akwai na a cire wuta kafin a tsoma hannu, amma na rayukan da aka sayi na'urar dominsu babu. Alhali hoton da ke jikin kwalin tanki ne mai tsirrai da ƙananan kifi! Su waye ke fama da yana in ba masu irin wannan tanki ba, da ruwansu ba ya motsi sosai a sama? Kuma su ne dai masu ajiye jatan lande da gupi. Faɗin tsagogin nan ya isa ɗan kifi ya shige a sake, kuma da ya faɗa ba shi da hanyar fitowa, don ruwa ƙasa yake ja. Wanda ya ƙera abin ba zai ce bai sani ba.

Na rubuta wa mai sayarwa. Amsarsa gajeriya: in ɗaura raga a kan bututun. Ko haƙuri bai ba ni ba. Na gwada ragar duk da haka, kuma a nan wata matsala ta ɓullo. Idan ragar mai ƙananan ido ce da za ta tare ɗan jatan lande, yanar ma ba ta wucewa, sai ta taru a jikinta ta toshe. Nauyin ragar kuma yana danne kan da ya kamata ya yi shawagi, sai ya nutse ya riƙa jan ruwan ƙasa maimakon na sama, aikin ya tashi a banza. Abin da ya ɗan yi mini shi ne yanko soso mai manyan ƙofofi in cusa shi a cikin bututun har ya kawo daidai bakin tsagogin, yadda ko wani ya matso ba ramin da zai faɗa. Yana aiki, amma jan ya ragu sosai, kuma sai an riƙa wanke shi kusan kullum.

Tunda raina ya ɓaci, sauran abubuwan da da nake kau da kai a kansu duk suka dawo mini. Idan ruwa ya ɗan ragu saboda tururi, kan yana sauka ya kai iyakarsa, sai ta fara zuƙar iska tana ɓulɓul tana fesa ƙananan kumfa cikin tanki, kuma da tsakar dare ta fi yin haka, ko kuma a lokacin ne kunne ke ji. Idan ka manta ba ka kashe ta ba lokacin ba da abinci, rabin abin da ka barbaɗa a cikinta zai ƙare, ya ruɓe a soso ya koma ya ƙara yanar da kake yaƙi da ita. Ƙananan tsirrai masu yawo a sama kuwa abokan gabarta ne, ganye biyu uku sun isa su toshe ta. Robobin da ke manne ta da gilashi ba su daɗe ba suka saki, na tarar da ita a karkace tana hura ƙasa tana tone saiwar tsiro. Soson da ta zo da shi ɗan mitsitsi ne, da ya cika sai kan ya fara tsalle sama da ƙasa. Af, ga mai wankewa: a ruwan da aka ɗebo daga tanki ake matse soso, ba a ruwan famfo mai kulorin ba, don kada a kashe bakteriya masu amfani da suka zauna a ciki.

Amma kada in zalunce ta. Aikin da aka ce tana yi, tana yinsa, kuma ban ga abin da ya kai ta saurin share saman ruwa ba. Na cire ta na ɗan lokaci saboda fushi, yanar ta dawo, na mayar da ita. Wannan kuma ya nuna mini iyakarta: kwashewa take yi, ba ta hana fitowa. Abin da ya rage yanar da gaske shi ne ba kifi abin da za su cinye cikin minti biyu kawai, da canza kashi 25 cikin ɗari na ruwa duk mako, da tsince matattun ganye kafin su narke, da wanke hannu tas ba sabulu a jiki kafin a tsoma, da ɗaga bakin matatar ruwa ya riƙa kaɗa saman kaɗan. Ƙananan katantanwa ma suna taimakawa, za ka gan su suna tafiya a kife a ƙarƙashin fatar ruwa suna lasa, kifin moli shi ma yana tsotsarta. Mai tanki ƙarami da bai cika shi da kifi ba, wataƙila waɗannan sun ishe shi, ba sai ya sayi komai ba.

Idan kifinka manya ne, ba masu haihuwa a tankin ba, saya hankalinka kwance, za ka gode mini. Idan kifin beta kake kiwo, ka yi tunani sau biyu: shi a saman ruwa yake shaƙar iska, a nan yake gina sheƙarsa ta kumfa, ba ya son ruwa mai ja, ga dogayen fukafukansa da tsaga za ta iya kamawa. Kada kuma a rikita ta da babbar sikimar tankin ruwan gishiri, waccan da kumfa take aiki kuma ba ta yin abin kirki a ruwan daɗi. Mai gupi ko jatan lande kuwa, ina roƙonka kada ka jona ta sai ka toshe bututun da soso tukuna.

Ni yanzu na haɗa ta da abin saita lokaci, tana yin minti 15 da safe, minti 15 da yamma, lokacin da fitila ke kunne kuma ina kusa. Hakan ya isa ya riƙe saman ruwan da tsabta. Duk lokacin da na ga cikin wata gupi ya yi nauyi, baƙin tabon da ke kusa da wutsiyarta ya ƙara duhu, sai in zare ta gaba ɗaya in koma tishu har 'ya'yan su yi girman da ba za su shige tsaga ba. Abokin da na sa ya saya na kira shi a ranar na faɗa masa, Allah ya taimaka nasa ba su kai ga haihuwa ba. Tauraro uku. Ranar da masu ƙera ta suka sa mata murfin kariya a cikin kwali, ko suka rubuta gargaɗi a inda ido zai gani, zan dawo in ƙara ɗaya.