Takardar Tambayoyi ko Hira da Likita?

A Gusau ana yawan tambayata wace hanya ta fi nuna halin mai sankarar mafitsara ta maza (wato prostate) bayan magani.

Takardar EPIC-26, wadda marar lafiya ke cikewa, tana da tambayoyi 26 kan fitsari, bayan gida, kwanciyar aure da kasala, ba ta cin lokaci, kuma makinta yana kwatantuwa wata bayan wata. Sai dai dattijon da ɗansa ke karanta masa, da an zo batun shimfiɗa, kunya ce za ta sa ya ce lafiya lau.

Hira tana cin lokaci, amma a cikinta ne mutum yake faɗin cewa yoyon fitsari yana karya masa alwala har ya daina zuwa jam'i.

Takarda ta dace da mai karantawa da kansa, hira kuwa da dattijo mai nauyin baki.